Matashin Mahasin da Allurar Malam Rilwanu

Shekara huɗu ke nan Malam Rilwanu yana rubuta risalarsa ta majistir, wato digiri na biyu, a Alƙahira, kuma duk wanda ya tambaye shi inda aka kwana, amsarsa ɗaya ce: saura ƙiris. Abin da ya zaɓa ya yi bincike a kai shi ne hukuncin fuduli, wato ɗan shisshigi, mutumin da zai sa hannu a kayan wani ba a sa shi ba. Ya san abin da Malikawa suka ce, ya san na Hanafawa, ya san inda Shafi'awa suka tsaurara. In dai masanin shisshigi ake nema a unguwar Ainu Shams, to an zo gidan, sai dai a daure a hau hawa biyar da ƙafa.

Matarsa Nana Fatima ta biyo shi shekara biyu da suka wuce. Shi yana da laburare da abokan muhawara da teburin shayi a bakin titi. Ita kuwa tana da taga. Ta san lokacin da mai gas yake wucewa yana ƙwanƙwasa tukunya da ƙarfe, ta san launin shanyar kowane gida a layin. Malam Rilwanu ya lura tana ramewa, ya kuma magance matsalar irin ta malamai: ya sayo mata littafi a kan falalar haƙuri.

Sai wata rana ta dawo daga unguwar Arba wa Nus rungume da wani abu naɗe a tawul, tana takawa a hankali kamar ta ɗauko jinjirin wani. Da ta warware, sai ga matashi. Ba irin na kwanciya ba ne. Gajere ne, mulmulalle, an danƙara masa ciki har ya yi tauri, an lulluɓe shi da wani shuɗin ƙyalle da ya koɗe. A samansa an kafe wata takarda da ƙananan allurai masu kai, a kan takardar kuma ga rabin wuyan riga na farin leshi, furanni shida sun cika, shida kuma zane ne kawai.

Washegari da la'asar Malam ya jawo matashin, ya juya shi ta gefen da babu allurai, ya tokara gwiwar hannu zai yi karatu. Ihun da Nana Fatima ta yi daga kicin, har maƙwabciyarsu ta leƙo.

"Malam! Don girman Allah ɗaga hannunka!"

"Matashi ne fa, Nana."

"Na Khala Mahasin ne."

Ta zauna ta ba shi labarin tun daga tushe. Mahasin, wadda take kira Khala, wato inna, Bahaushiyar Sudan ce, kakanninta sun taso daga ƙasar Haɗeja za su Makka a ƙafa, suka yada zango a hanya, zangon ya zama gida. A taragon mata na jirgin metro suka haɗu, ranar da wata ta take wa Nana ƙafa, ta yi ƙorafi da Hausa ƙasa-ƙasa, sai ta ji wata dattijuwa ta amsa mata da Hausa. Mahaifiyar Mahasin ce ta koyi aikin dantil, wato leshin da ake saƙawa da allura ɗaya, a hannun wata tsohuwa 'yar Girka da ta yi wa aikin gida a Khartum. Uwar ce ta cusa wannan matashi da hannunta. Da ta rasu, Mahasin ta yanko shuɗin mayafin da uwar take yafawa kullum, ta lulluɓe matashin da shi.

Ranar da yaƙi ya iso layinsu a Omdurman, kowa ya ɗauki abin da ya fi ƙauna. Mahasin ta ɗauki 'yarta Tagwa da wannan matashi, da rabin wuyan rigar da ta fara yi wa Tagwa don ranar aurenta. A kan cinyarta matashin ya yi tafiyar har Aswan ta ƙasar Masar. Sai da suka zauna a Alƙahira yanar ido ta rufe mata gani, ta daina bambance farin zare da farar takarda. Wata shida ta yi tana koya wa Nana aikin a kan tsumma, tana duba ɗinkin da yatsa, kafin ta yarda ta damƙa mata matashin ta ƙarasa, don an sa ranar auren Tagwa a watan Agusta.

"Ko hoton uwarta ɗaya ba ta fito da shi ba," in ji Nana Fatima. "Wannan ƙyallen shi kaɗai ya rage mata."

Malam Rilwanu ya ce Allah sarki, ya yi wa mamaciyar addu'a da Larabci mai daɗi, sannan ya nemi wani abin jinginar.

Daga ranar matashin ya zama babban baƙo a gidan. Ba a ajiye kofin shayi kusa da shi. Ba a taɓa shi sai an wanke hannu. In an soya albasa, sai an rufe shi da farin zane. Wurin da ya fi ko'ina haske, gefen taga, inda kujerar Malam take, shi aka ba shi. Malam ya koma kusurwa da littattafansa, yana leƙen sabon maigidan ta saman tabarau.

Abin da ya fi ci masa rai ba kujerar ba ce. Allura ce. Malam Rilwanu ɗan cikin birnin Zariya ne, kuma tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake ɗinka hula a zauren mahaifinsa. Hular da ya ɗinka, sai ƙyallen ya mutu ɗinkin yana nan. Ya sha faɗar haka, har abokansa sun haddace. To ga shi yau a gidansa ana wani abu da allura, an yi wata huɗu ana yi, ba wanda ya ce masa, Malam, ya ka gani?

Gaskiya dai Nana ta taɓa yi masa bayani. Ta nuna masa takardar da zanen furanni yake kai, da ƙyalle biyu da aka shimfiɗa a ƙarƙashinta. Ta nuna masa zare mai kauri da aka bi layin zanen da shi, aka ɗaure shi da ɗan ɗinkin wucin gadi. Ta nuna masa guntun sanda da take turawa tsakanin aikin da matashin don wurin da take saƙawa ya ɗago, allura ta samu hanyar wucewa.

"Daga nan allura ba ta sake taɓa takarda ko ƙyalle, Malam. Zare ne yake hawa kan zare. In an gama, a sa reza tsakanin ƙyallen nan biyu a yanke ɗinkin wucin gadin, leshin ya tashi shi kaɗai. Matashin riƙe min aikin kawai yake yi, don hannuna biyu su samu sakewa."

Malam yana ta gyaɗa kai, amma ba sauraro yake yi ba, jira yake ta numfasa ya faɗi tasa.

"Nana, ɗinkin da bai ciji ƙyalle ba, ai ba ɗinki ba ne. Mu a Zariya..."

Ta sunkuyar da kai ta ci gaba da aikinta. Ta san sauran.

Ranar Talata, saura kwana biyu lallen Tagwa, furanni biyu suka rage. Ranar ce kuma aka ba Nana ta je sabunta iƙama, wato takardar izinin zama, kuma ba a aike, sai mutum ya je da ƙafarsa ya bi layi. Ta fita da sassafe, idanunta sun yi jawur don kallon farin zare, wuyanta ya ƙage. A bakin ƙofa ta waiwayo ta dubi matashin, ta ce in ta dawo da wuri za ta gwada gama ɗaya, ɗayan kuma gobe, in Allah ya so.

A nan fa kada a zalunci Malam Rilwanu. Tausayi ne ya fara motsa shi. Ya ga ramar wuyanta, ya ji ba daɗi, ya tuna shekara biyu bai yi mata wani abin a zo a gani ba. Amma tausayin bai zo shi kaɗai ba. A bayansa akwai wani hoto da ya tsaya masa a rai: Nana ta shigo a gajiye, ta yaye farin zanen, ta riƙe baki, ta ce, Malam, ashe haka kake? Wannan hoton ne ya tashe shi daga kan babi na uku, mai magana a kan wanda ya gyara kayan wani da kyakkyawar niyya ba da izininsa ba.

Ya wanke hannu har da sabulu, don a san ya kiyaye doka. Ya zauna a tsohuwar kujerarsa, ya ɗora matashin a cinya, ya ƙare wa aikin kallo irin na gwani.

Kuskure ya gani birjik. Na farko, an manta da guntun sanda a ƙarƙashin aiki. Ya zare ta ya ajiye, takardar ta kwanta lif a jikin matashin. Na biyu, allurar da matarsa take fama da ita wata huɗu ba ta da tsini ko kaɗan. Ya girgiza kai don tausayi. Bai zo masa a rai ba cewa da gangan aka zaɓe ta haka, don kada ta tsaga zare ko ta huda takarda. Ya buɗe akwatinsa ya ciro allurar hula da ya taho da ita daga gida, siririya, mai tsini kamar ƙaya. Na uku kuwa shi ne babba: ya sa farce ya ɗaga gefen wani fure, sai ya ga duk saƙar tana lilo a sama, babu abin da ya riƙe ta sai layin gefe.

"La haula," in ji shi. "Wannan ai wanki ɗaya ne ya watse."

Ya yi bisimilla ya soma. Hannu bai manta ba. Allura ta nutsa ta huda takarda, ta huda ƙyalle na farko da na biyu, ta ɗebo shuɗin da ke ƙasa, ta fito. Ya ja zaren ya ɗaure tamau. Da wuya fa, don kauri huɗu ba wasa ba ne, har babban yatsansa ya yi ja. Amma wuyar ce ma ta tabbatar masa cewa yanzu ne ake aiki. Kafin azahar ya gama fure ɗaya. Ya yi salla, ya ci ful, dafaffen waken Masar, da burodi a tsaye, ya sake wanke hannu, ya gama na biyu.

Da ya tsaya nan, da da sauƙi. Sai dai mutum mai son alheri ba ya gajiya. Ya dubi furanni goman nan na Mahasin da Nana suna lilo kusa da nasa biyu masu ƙarfi, ya ga bai dace a bar aikin mata haka ba kariya. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da zarensu, fari cikin fari, yana kafe kowane ganye da ƙananan ɗinki waɗanda ko shi da ya yi su sai ya ƙura ido yake ganinsu. Da la'asar ya rufe aikin da farin zane, ya koma kusurwarsa, ya buɗe littafi, ya gyara fuska kamar ba abin da ya faru.

Nana Fatima ta shigo tana jan ƙafa. Ta sha ruwa, ta wanke hannu, ta nufi taga. Ta yaye zanen, ta kuwa riƙe baki, daidai yadda ya hango. Malam ya yi gyaran murya yana jiran sauran.

Ta ga sandar a kan tebur. Ta ga allurar. Ta cire allurai masu kai ɗaya bayan ɗaya, ta kama gefen takardar ta ɗaga. Matashin gaba ɗaya ya biyo ta.

"Malam," ta ce, muryarta can ƙasa, "me na yi maka?"

"Taimaka miki na yi. Kin ga yanzu ko da dutse aka wanke shi..."

"Aka wanke shi. To Tagwa da matashin za ta rataya a wuya ranar biki? Sai mu nemo mata igiya."

"A'a, ai sai a warware ta ƙasa..."

"A warware wanne? Nuna min naka, nuna min nawa. Da zarena ka yi. Ka tsaga na Khala, ka bi ta cikinsa." Ta kai yatsa kan furen farko, wanda aka saƙa a Omdurman. "Ko nan ba ka bari ba. Sannu da ƙoƙari, Malam. Shekara huɗu kana rubuta littafi a kan ɗan shisshigi, ashe a gida yake kwana."

Ya buɗe baki zai kawo bambancin da malamai suka yi tsakanin mai ɓarna da mai kyakkyawar niyya, sai ya ga hawaye na zubo mata, tana kare matashin da hannu kada ya ɗiga a kai. Ya mayar da bakinsa ya rufe. Ta gwada zare ɗinki ɗaya da bakin allura, zaren Mahasin na kusa da shi ya tsinke. Ta ajiye allurar.

Hanya biyu ce kawai, kuma ko shi ya gane su. Ko a yanke leshin daga sama, matashin ya tsira, aikin ƙarshe da idon Mahasin ya gani ya zama tsumma. Ko a yanke shuɗin ƙyallen daga ƙasa, a zare shi zare-zare ta bayan leshin, Tagwa ta samu wuyan rigarta, mayafin kakarta ya tafi.

"Ba ni zan zaɓa ba," in ji Nana. "Kuma ba ni zan faɗa mata ba. Gobe kai za ka ɗauke shi."

Da hantsin Laraba suka shiga mikrobas, ƙaramar motar haya. Malam Rilwanu ne rungume da tawul, gwiwoyinsa sun tokari kujerar gaba, zufa na bin gemunsa. Wata Bamisriya da ke gefensa ta leƙa ta ce Allah ya raya, ta ɗauka jariri ne. Bai gyara mata ba. Yana can yana shirya jawabi. Ai mas'alar a fili take: wanda ya lalata kayan wani, sai ya biya da irinsa. Zai je kasuwa ya nemo shuɗin yadi mai kyau, wanda ma ya fi wannan, ya lulluɓe matashin da hannunsa. Har ya fara jin sauƙi kafin su sauka. Ilimi dai akwai rana.

Ɗakin Mahasin a ƙasan wani gini yake, a lungun da mota ba ta shiga. Ƙamshin turaren wuta ya tare su tun daga ƙofa, ana shirin amarya. Tagwa ce ta buɗe, doguwa, murmushi har kunne, idonta a kan tawul ɗin. Mahasin na zaune a kan tabarma ƙarƙashin fanka, 'yar ƙaramar mace, idanunta sun yi fari-fari.

"Nana, 'yata, kin gama? Kuma har da Maulana da kansa? Yau muna da manyan baƙi. Tagwa, kawo shayi."

Malam ya durƙusa ya ajiye matashin a gabanta. Jawabin da ya shirya ya fara fitowa, da Larabcinsa da komai, amma tsohuwar ba ta bi ta kansa ba. Ta riga ta ɗora yatsu a kan leshin. Ta bi furen farko, ta tsaya. Ta bi na biyu. Ta kama gefen takardar ta ja kaɗan, ta ji nauyin da ya biyo.

"Sajami," ta ce a hankali, irin ta matan Sudan in abu ya faɗo musu.

Tagwa ta ajiye tiren shayi ba ta zuba ba.

"Hajiya, ni ne," in ji Malam. "Ba ruwan Nana. Niyyata..."

"Na san ba ita ba ce. Hannunta na sani." Yatsun suna ta tafiya. "Wa ya koya maka ɗinki, ɗana?"

"Mahaifina. Hula muke yi."

"Ma sha Allah. Ya koya maka da kyau. Shekara arba'in ina wannan aiki ban taɓa jin ɗinki mai ƙarfin wannan ba. Soja ya tare mu a hanya ya soka wa matashin nan wuƙa ta gefe yana neman gwal, na ɗinke wurin, ya wuce. Kai kuwa da alheri ka zo, ka fi shi iyawa."

Malam ya ce, "Zan nemo yadi irinsa, Hajiya. Shuɗi, mai kyau. A shari'a ma, wanda ya..."

"Irinsa," in ji ta. "Tamam. In ka je kasuwar, ka ce su ba ka wanda uwata ta yafa shekara goma sha ɗaya. In sun ce ya ƙare, ka tambayi shago na gaba."

Kunya ta rufe Malam, irin wadda bai taɓa ji ba tun da ya girma, har ya rasa inda zai sa idonsa.

Tagwa ta durƙusa kusa da uwarta. "Yumma, ki bar shi. Wallahi ba sai na sa ba. A yanke leshin, rigar ma tana da kyau haka."

"Yi min shiru. Na ɗauko shi daga Omdurman don in ajiye a kan kabad ne?" Ta shafa shuɗin ƙyallen da tafin hannu, daga wannan gefe zuwa wancan, ta daɗe tana shafawa. "Kakarki ma da tana nan, abin da za ta ce ke nan. Matashi don aiki aka yi shi. Kawo almakashi."

Tagwa ta kawo tana kuka. Mahasin ta karɓa ta juya shi a hannunta, sannan ta miƙa shi ta inda ta ji numfashin Malam.

"Ni ba na gani. Nana hannunta na rawa, ina jin ta. Kai ke da ido, kai ke da hannu. Yalla."

"Hajiya, don Allah..."

"Jiya wa ka tambaya? Yau an sa ka. Yanka."

Ya yanka. Ƙyallen ya tsufa, ko ƙara bai yi ba. Ya zagaye leshin da almakashi, ya ɗago shi da duk abin da ke manne a bayansa, matashin ya saura da wani babban rami, cushen auduga da ya yi baƙi-baƙi yana leƙowa. Mahasin ta jawo shi ta ɗora a cinya, ta rufe ramin da hannu biyu.

Sauran aikin ya ci yinin gaba ɗaya. Nana ta sa reza ta raba abin da zai rabu, ta yayyage takardar ƙanana-ƙanana ta fitar. Shi kuma aka ba shi allurar nan marar tsini da ya raina. Kowane zare na ƙyallen sai ya datse shi gajere, ya zaro shi ta ƙarƙashin ɗinkinsa, a hankali, kada leshin ya ji. Ɗinkin Zariya kuwa ya cika alkawari, ko ɗaya bai saki da daɗi ba. Ya yi azahar ya dawo, ya yi la'asar ya dawo. Wuyansa ya ƙage, idonsa ya yi ja, karo na farko ya san abin da matarsa take ji wata huɗu a gefen taga. Ba wanda ya yi masa sannu.

Fararen ƙyalle biyun nan na tsakiya suka fita, aka zo kan shuɗin. Yana zarowa yana ajiyewa a gefen tabarma, guntaye, ba wanda ya kai tsawon yatsa. Da rana ta yi sanyi leshin ya tashi shi kaɗai a tafin hannun Nana, furanni goma sha biyu, haske na ratsa su. Biyun ƙarshe sun fi sauran tauri, sun ɗan tsuke, kowa zai gane baƙi ne. Nana ta ɗora wa Tagwa a wuya. Mahasin ta miƙa hannu ta shafa, daga furen Omdurman har zuwa na Malam.

"Ya yi," ta ce. "Waɗannan biyun a juya su baya, gashi ya rufe."

Malam Rilwanu ya miƙe, gwiwoyinsa na ƙara. Ya ga tarkacen da ya tara a tabarma, ya ga ga wata dama ta yin abin kirki, ya waiga yana neman tsintsiya. Har ya kai hannu, sai ya tsaya. Ya dubi matarsa, ya dubi tsohuwar.

"Hajiya," ya ce, "in share?"

"A'a."

Ta sauke matashin, ta sunkuya, ta fara lalube a kan tabarmar. Duk guntun zaren da yatsanta ya taɓa sai ta kai shi kusa da fuska, ta tambayi Tagwa fari ne ko shuɗi. Fari ta yar, shuɗi ta sa a tafin hagu. Iska na ta kwashe su, wasu sun yi ƙarƙashin gado, wasu sun nufi ƙofa.

"Tagwa," ta ce, "kashe fanka."

Aka kashe. Zafin Agusta ya sauko ɗakin nan take. Malam Rilwanu ya koma ya durƙusa, ya leƙa ƙarƙashin gadon, ya fara tsinto shuɗayen ɗaya-ɗaya yana sa mata a hannu.